Ƙwallayen Rulmar Isufu Direba

Ranar wata Laraba, kwana huɗu bayan sallar layya, a shekarar da nake aji uku a lakwal, wato makarantar boko, na ji an kira mahaifina maha'inci a gaban mutane. Na kawo masa abincin rana ke nan, kwanon shinkafa da soyayyen naman layya a kaina, na tarar da garaji cike da jama'a. Isufu Direba, wanda ke jigilar mutane da buhunan rogo tsakanin Gaya da Karakara, yana tsaye jikin tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya, yana magana da ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi. Baba kuwa yana durƙushe yana zazzage gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya. Abin da yake nema yana ƙulle a haɓar zanena, kuma na san da haka.

Garajin Baba ba wani abin a zo a gani ba ne. Inuwar mangwaro ce a bakin hanyar da ke gangarawa gada, da rumfar kwano, da rami guda da ake shiga a duba cikin mota. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin saboda mai, har Inna ta hana ni zuwa da takalmin salla. Amma Malam Hamidu Bakanike, kamar yadda ake kiransa, yana da wata al'ada da duk direban tasha ya sani. Duk ƙarfen da ya cire daga motar mutum, komai lalacewarsa, sai ya jefa shi cikin gwangwanin madara, ya ɗaura wa gwangwanin ƙyalle mai launi, tunda shi bai yi boko ba balle ya rubuta lamba. In mai mota ya zo, sai ya zazzage masa tsohon a tafin hannu, ya faɗa masa ko sabo ya sa ko ɗan Kwatano da aka taɓa amfani da shi, ya faɗi kuɗin kaya daban, ladan hannunsa daban. Yakan ce, "Mutum bai ganin cikin motarshi. Idonshi ni ne." Dalilin al'adar kuwa sananne ne. Akwai masu gyaran da za su cire ƙarfe, su wanke da fetur, su shafe da giris, su mayar, su karɓi kuɗin sabo.

Ni a lokacin ina ruwana da wannan duka. Duniyata ba ta wuce tsakar gidanmu da filin lakwal ba. Da safe in share gaban murhu, in kai wa tumakin Inna dusa, in ɗebo ruwa a pompi, sannan in zura da gudu kada mushe, malaminmu, ya riga ni shiga aji. Ranar da ba karatu mu bi yayata gona mu kori tsuntsaye daga shinkafa, mu dawo muna ɓare muruci a hanya. Abin da ya fi komai cin raina shi ne 'yar carafke. Muna yin ta da tsakuwa a gindin katangar aji, kuma kullum wata yarinya mai suna Ramatu ce ke cinye mu, ga ta da baki. Ni kuwa tun ina ƙarama ba na son a fi ni, halin da har yau ban gama rabuwa da shi ba.

Ana jibi salla na kai wa Baba fura, ya tafi alwala, na leƙa wani gwangwani mai jan ƙyalle. A ciki akwai rulma, wato zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye a ciki wanda ƙafar mota ke juyawa a kansa. Ta tsage, ƙwallayen suna leƙowa, sumul-sumul, suna ƙyalli. Na ce a raina ai mushen ƙarfe ne, wa zai nema? Na sa ta cikin ƙwaryar fura na rufe da faifai. A bayan gida na buga ta da dutse har ƙwallayen suka zube, na jefa zobban cikin kududdufi. Duk kwanakin salla da su na yi wasa, 'yan matan unguwa suna roƙona in ba su su taɓa. Ramatu ma sai da ta roƙa, na hana.

Rulmar motar Isufu ce. Ya bar motar ya tafi salla ƙauyensu, ranar Laraba ya dawo ɗauka, ya miƙa hannu a ba shi tsohon ƙarfensa kamar yadda aka saba, gwangwani ya fito wayam. An taɓa cutarsa a wani garaji, saboda haka bai tsaya jin komai ba. Ya ce, "Ashe kai ma haka kake, Malam Hamidu? Ka wanke tsohuwa ka maida, kana cewa sabuwa ka sa! Mu da munka ɗauke ka mutumin Allah." Masu faci, da masu sayar da fetur a kwalba, da direbobin da ke jiran a duba musu mota, duk suka zuba ido suna kallo.

Baba bai rantse ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yi haƙuri, Isufu, bari ka gani da idonka." Ya kafa jak, ya kwanta cikin ranar nan mai ƙuna, ya sake kwance ƙafar motar gaba ɗaya, aikin da ya ci masa wuni kafin salla. Ina tsaye da kwano a kai, zufa na bin bayana, ƙwallayen suna taɓa cinyata duk motsin da na yi. Sau uku na buɗe baki. Tsoron dukan Inna da kunyar idon mutane suka riƙe ni. Da sabuwar rulmar ta bayyana, ta riga ta sha giris ta yi baƙi, kuma rabin 'yan kallo sun watse. Isufu ya juya ta ya ce shi bai ga bambanci ba. Aka mayar, ya tada mota ya tafi bai yi sallama ba. Abincin ya huce, Baba bai taɓa shi ba.

Sai bayan la'asar, da garaji ya zama daga ni sai shi, na kwance haɓar zane na zuba masa ƙwallayen a gabansa ina kuka. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Uwata, mi ya hana ki faɗi ɗazu?" Na ci gaba da kuka. Da ya mare ni da na fi jin sauƙi. Ya tattara su ya mayar mini, ya ce ba nasa ba ne, mai su za mu kai wa.

Washegari da safe ya riƙe hannuna har tasha. Muka sami Isufu a bayan motarsa yana ɗaure kaya. Na miƙa masa da hannu biyu, na faɗi abin da na yi. Ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Malam, ka yahe mini." Baba ya ce ya yafe. Amma zagin a bainar jama'a aka yi shi, haƙurin kuwa a bayan mota, mu uku. Magana zarar bunu ce. Wasu direbobin ba su sake kawo mota ba, kuma damina guda sai da Baba ya riƙa barin garaji da rana yana tafiya gona don abin da za mu ci. Inna ta so ya tara mutane ya sa in yi bayani. Ya ce ba zai wanke sunansa da sunan ɗiyarsa ba. Har ya bar duniya bai sake tada zancen ba, ni kuwa ban taɓa daina jin nauyinsa ba.

Yanzu garaji sun yi yawa a hanyar gada, da allunan suna da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. An sare mangwaron, shago ne a wurin. In na kai motata gyara sai a faɗa mini kuɗi dunƙule, in biya, in tafi da zargi a raina, ban san ko na zalunci mai gyaran da zato ko shi ya zalunce ni ba. A irin wannan lokaci nake kewar Baba.

Ranar sadakar ukunsa wani tsoho mai sanda ya miƙe a ƙofar gida, ina jiyo shi daga zaure. Isufu ne. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce shi ya taɓa yi wa Malam Hamidu ƙazafi a gaban jama'a, ƙarya ce, mutumin nan bai taɓa cin dalar kowa ba. Mutane suka yi ta cewa Allah ya jiƙansa. Yawancinsu ba su ma san abin da yake nufi ba. Ni da Isufu duk mun faɗi gaskiya, kuma duk mun makara.