Bindigar Baba Maidaji

Ban taɓa mantawa da ranar da na goge bindigar Baba Maidaji ba. A ƙarshen mulkin Faransawa ne, ina ɗalibi, aka ɗauke ni aikin hutu a biro, wato ofishin kumandan na Dogon Dutsi.

Dokar lokacin ita ce kowane maharbi ya kawo bindigarsa sau ɗaya a shekara. Ni ke duba lamba in rubuta, kumandan ya dubi bindigar. In ya ga tsatsa sai ya riƙe ta.

Baba Maidaji tsohon maharbi ne daga wajen Matankari. Ya zo gero na nuna, garken gyado, wato aladen daji, na shigar masa gona. Bindigarsa baƙa ƙirin, tana warin hayaƙi. Na tabbata za a ƙwace ta. Na ji kunyar gaya masa, don haka da ya fita salla na ɗauko man bindiga na Turawa da tsumma, na bi yadda littafi ya ce. Har ƙotar na wanke da sabulu.

Kumandan ya juya ta, ya yaba, ya sa hannu.

A waje Baba ya kai ta hancinsa. Ya shinshina, ya dube ni.

"Ɗiyana, wa yat taɓa ta?"

"Ni ne, Baba. Na ji tsoron a riƙe ta."

"Baƙin nan ba tsatsa ba ne. Kitse ne da hayaƙin sabara da kashin shanu, tun hannun ubana. Gyado bai gani sosai, hanci garai. Yanzu tun daga bakin dutsi zai san ina tahe."

Ya ce sai ta kwana bakwai a rataye cikin hayaƙi kafin ta sake shiga daji. Ya yi mini godiya ma, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan.

Bayan girbi na sami labari. A kwana bakwan nan gyado ya cinye gefen gonarsa na gabas, wanda iyalinsa ke kaiwa bazara da shi.

Na yi shekaru a aikin gwamnati bayan haka. Abin da nake gaya muku, ƙannena, shi ne: kayan sana'ar mutum in sun zo teburinku, ku tambaye shi kafin ku gyara. Kafin ya fita salla, Baba yana zaune taku goma daga gare ni, ban tambaya ba.