Mai Agogo da Karen Autarsa

Mai Agogo ya tsufa a rumfarsa ta bakin titi, da gilashi maƙale a ido, yana tsinto ƙusar da ba ta fi ƙwayar yashi ba. Hannunsa ba ya rawa sai in ya ji haushin kare. Tun yana yaro wani kare ya kafa masa haƙori a ƙafa, tsoron bai taɓa barinsa ba.

Sai ga autarsa an tura ta kwas wani gari. Ta kawo masa karenta, gashin bayansa ya zube faci-faci, fatar ta yi ja tana ɓamɓarowa.

"Baba, makero ne. Ga maganin sha, a cikin abinci za ka zuba. Ga sabulun wankansa, amma ka sa safar hannu, yana kama mutum. In ya ƙi abinci ko ya yi amai, a kai shi wurin likita."

"Ke! Abin da nake gudu za ki ce in yi wa wanka?"

"Ba ni da kowa sai kai, Baba."

Da sandar tsintsiya ya fara tura masa kwano. Ranar wanka kuwa, ya sa safar hannu. Ya tsugunna a bayan gida yana goga kumfa, idonsa na kan bakin karen, duk hammar da ya yi sai tsohon ya ja da baya yana salati.

Wata safiya ya tarar da kwanon cike, karen kwance kusa da amansa, ko kai bai ɗaga ba. Ko maganin ya zuba da yawa? Me zai ce wa yarinyar? Ya yaye zanen gadonsa ya naɗe karen, ya ɗauka. Numfashin karen mai zafi na sauka a wuyansa, shi kuma yana jiran cizo har suka isa.

Likitan dabbobi ya ɗibi jini, ya ce maganin ne ya fara taɓa hanta, amma an zo da wuri. Ya canza wani.

A hankali gashi ya tsiro. Autar ta dawo ta ɗauki abinta. Washegari tsohon ya kira ta a waya, ko gaisuwarta bai gama amsawa ba ya ce, "Ya ci abinci kuwa?"