Ƙafar Kaka a Hanyar Ƙonni

Kakana na wajen uwa, ƙafafunsa ba su san zama ba. Da ya zauna ko ya kwanta, sai su hau harbi kamar na jaki. Cewa yake tururuwa ka yawo cikin ɓargonsa. Barci ko sai dai ya ji labari, zagayen gida yake har asuba. Ni ko in ce mai, "Tsoho, wa ka yi ma kiɗi? Ka bar min matata ta huta, ka ishe ta da shuri." Sai ya jefo ni da takalmi: "Ja'iri, ɗan aji huɗu!"

Wani ya ce mai maganin abin gishirin Balma ne, a lasa safe da marece. Ya shekara da shekaru yana lasa kamar raƙumi. Lokacin da anka rufe boda gishirin ya ƙare, ya matsa min in kai shi Ƙonni a kan babur ɗin da nike haya da shi, ta ɓarauniyar hanya.

Wajen dawowa da buhun gishirinsa, bayan la'asar, munka faɗa hannun 'yan fashi cikin wani kwazazzabo. Mun iske mutane kwance rub da ciki. Wani mai adda ya ce, "Ku kwanta! Wanda ya motsa, in raba shi biyu."

Na kwanta, bakina cike da yashi. Na san mi za ya faru. Tsoho ya cije haƙora, yana gumi, yana salati. Sai ga ƙafar dama ta yi sama.

"Kai, gudu za ka yi?"

Gora ta sauka a ƙwaurinsa, na ji ƙas. Ƙafar ta sake harbawa. Sunka rufe shi da duka, baya, wuya, ƙeya.

Na ɗaga kai na ce, "Yallaɓai, wallahi ciwo ne! Ko a masallaci haka yake, liman ma ya gaji!" Sai ƙotar adda a bakina. Haƙorina na gaba can na baro shi.

Sunka yage buhunsa, sunka ga gishiri, sunka ƙara mai mari don haushi. Babur ya tafi da su.

Da na juyo Tsoho, jini na zuba ta hanci ba tsayawa, baki ya karkace. A amalanken wani mai albasa munka iso Illela. Malamin asibiti ya ɗaura mai abin awo a dantse, ya hura mai iska, ya kalle ni.

"Jininsa ya hau, kuma ba yau ya fara ba. Yana barci?"

"Ina fa! Ƙafa ta hana."

"Mutumin da ba ya barci, jini bai kwanta mai. Mi yake sha?"

Na ce gishiri. Malamin ya dafe kai.

Tsoho ya rayu, amma ɓarin dama ya shanye. Ƙafar da ta jawo duka ta kwanta ke nan. Ta hagu ko ba ta fasa ba. Da marece nike zama in matsa mai ita, in ce, "Tsoho, saura mai rawa guda." Ya lalubi takalmi da hannun hagu ya jefo, bai taɓa samuna ba.