Jinjinar da Bappa Ya Yi a Kwadon

Bappana, yayan mahaifina, mahauci ne a Pantami, kuma tun tasowarsa ba shi da abin so kamar dambe. Ra'ayinsa ɗaya ne: 'yan damben zamanin da, su ne maza, na yanzu kuwa don a ɗauke su a waya suke yi. Na da, in ji shi, sukan yi turmi uku ba su nemi ruwa ba, kuma da gwiwar abokin karawa ta taɓa ƙasa sai su janye hannu. Gwaninsa wani bahago ne daga Kwadon, wanda yake rantsuwa ba a taɓa kayar da shi ba.

Ni ban taɓa dunƙule hannu ba. Karatu nake yi, surutu ma bai dame ni ba, don haka ni ne mai saurarensa. Ɗansa na fari, sa'ana, shi ya ɗauki zancen da gaske. Ya fara atisaye, har aka sa masa ranar shiga fili, Bappa kuma ya yi alkawarin shi zai ɗaure masa zare a hannu.

Ana saura kwana huɗu, Bappa ya ce mu je Kwadon mu nemo wa yaron albarkar bahagon. Ni ya ɗauka, saboda ina tattara tarihin baka na aikin makaranta.

Mun tarar da tsoho a zaure kan tabarma, 'yarsa tana ba shi kunu da ludayi domin hannunsa ba ya tsayawa. Bappa bai lura ba. Yana shiga ya ɗaga dunƙulallen hannu sama, ya yi jinjina, ya ɗauko kirari da ƙarfi kamar yadda ake yi wa ɗan dambe a fili.

Tsohon ya ja da baya har kansa ya bugi bango. Ya kare fuskarsa da hannu biyu.

'Yar ta ce wa Bappa, a hankali, "Baba, ku sauke hannun. Ji yake duka za a kai masa."

Ta faɗa mana shekara da shekaru ke nan kansa ba daidai ba, wani lokaci ko ita ba ya ganewa. Mun zauna kaɗan. Tambayoyi goma sha biyu na shirya a takarda, ban yi ko ɗaya ba.

A mota, da muka kusa shiga gari, Bappa ya tambaye ni ko littattafanmu sun faɗi abin da ke kawo haka. Na sani, na karanta, amma nauyinsa ya sa na tsaya kame-kame. Sai da ya sake tambaya na ce dukan kai ne, idan ya taru.

Ranar wasan Bappa ya ƙi ɗaure zaren. Ɗan ya yi roƙo, ya yi fushi, ya tuna masa cewa daga bakinsa ya koyi son abin. Daga ƙarshe ya hau acaɓa ya tafi, wani ya ɗaure masa a can.

Na bi shi. Ya yi kisa, wato ya kai abokin karawarsa ƙasa, a turmi na biyu, bayan ya sha naushi biyu a kunne. Da na dawo da la'asar na tarar da Bappa a ƙofar gida, na ce masa an yi nasara.

"Ba shi na tambaye ka ba," ya ce. "Sau nawa aka same shi a ka?"