Evaristo da Tagwayen Jirage

Duk wanda ya ce maka Alba da Ocaso jirgin ruwa ɗaya ne, to bai taɓa ɗaukar tire a cikinsu ba. Mutanen ofis ne ke wannan magana, su da iyakarsu kallon jirgi a takarda. Gaskiya ne wuri ɗaya aka ƙera su, tsawonsu ɗaya, kowanne hawa goma sha biyu, fentinsu fari da shuɗi. In suka tsaya gefe da gefe a tashar tsibirin Roatán, ko matan da ke sayar wa 'yan yawon shaƙatawa burodin kwakwa sai sun karanta suna kafin su bambance su. Amma ciki fa? Wannan sai a tambayi Evaristo Güity.

Ni Lisandro, shekara goma sha ɗaya muna ɗaki ɗaya da shi a Alba, shi a gadon ƙasa ni a na sama ina shan minsharinsa. Mutumin ƙauyen Corozal ne, can gabas da garin La Ceiba. Masunci ne a da, ya jingine kwalekwale ya shiga jirgi, ya shekara goma sha tara yana kai wa fasinjoji abinci. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga taurin kai. Faranti goma sha biyu yake jerawa a tire ɗaya, ya saɓa a kafaɗa ya ratsa tebura, ko ɗigon miya ba ya zuba.

Ɗakin cin abincin Alba a tsakiyar jirgi yake, hawa ɗaya, rufinsa ƙasa-ƙasa, fitilunsa dishi-dishi. Tsofaffin fasinjoji na son sa don ko teku ta yi fushi ba ya lilo sosai. Daga ƙofar kicin zuwa teburan Evaristo taku arba'in da ɗaya ne, akwai ginshiƙi a taku na ashirin, sai ka ɗan karkata hagu. Shi ya gaya mini lissafin, ni ban taɓa ƙirgawa ba. Sai daga baya na gane dalilin da ya sa yake ƙirgawa.

Wata safiya na gan shi yana laluben takalminsa da ƙafa, alhali ga shi nan a gabansa. Na lura kuma in 'yarsa Yadira ta turo saƙo, sai ya kai wayar har kan hanci.

"Mutumina, idon nan naka lafiya kuwa?" na ce.

"Naka ne ba lafiya, mai sa ido kawai."

"Yatsu nawa na ɗaga?"

Sai ya zauna a bakin gado ya ce, "Lisandro, hazo nake gani, ya fi shekara. Haka na mahaifina ya fara. Yana da hamsin da biyar ya zauna a gindin bishiya, bai sake tashi ba sai an ja shi. Gado ne, ba magani. Shekara biyu ta rage Yadira ta gama makarantar jinya. Ka rufa min asiri. In suka sani za su sauke ni, kuma ka san ba sa sake kiran wanda suka sauke."

Na rufa masa. Ban ce na kyauta ba, amma na rufa. A Alba ai ba ya buƙatar ido, ƙafafunsa sun haddace jirgin.

Sai aka ce Alba za ta shiga gyara na wata uku, dukanmu mu koma Ocaso. Wani ɗan ofis mai ƙamshin turare ya tara mu yana murmushi: "Kada ku damu, 'yan biyu ne, kamar kun sauya riga ne kawai." Na ji kamar in ɗora masa tire a ka in ce ya nuna mana.

Masu zanen Ocaso sun mai da ɗakin cin abinci can bayan jirgi, hawa biyu, da matakala mai taku goma sha bakwai a tsakiya, bango guda kuma gilashi ne tun daga ƙasa har sama. Fasinjoji sai ɗaukar hoto suke, suna kallon kumfar da jirgi ke bari a baya. Mu kuwa farfela na ƙarƙashin ƙafafunmu, kofuna na ta kaɗawa a kan tebur, in teku ta motsa har cikinka za ka ji. Hasken rana da ke shigowa ta gilashin nan shi ya gama da Evaristo. Ya ce komai ya koma fari fat, kamar an watsa masa madara a fuska.

Ga kuma maganar ƙofofi. Kowane kicin na jirgi ƙofa biyu gare shi masu lilo, ɗaya ta shiga ɗaya ta fita, kuma ko gobara ake ba a bin wadda ba ita ba. A Alba ta hagu ake fita. A Ocaso an juya kicin ɗin, fita ta koma dama. An manna alama ja da kore, kowacce kamar tafin hannu, amma me alama za ta yi wa wanda ba ya ganinta?

"Dama, Evaristo, dama," na ce masa da safe.

"Na ji. Yaro ka mai da ni?"

Abincin rana na farko, sawu biyu ya yi lafiya lau, don yana tunani. A na uku aiki ya kacame, masu dafuwa na ihu, tunani ya gudu ƙafafu suka karɓi ragama. Ya saɓi faranti goma sha biyu na miyar kaguwa ya banki ƙofar hagu, daidai lokacin da wani abokin aikinmu ke shigowa da tulin kwanukan wanki. Ƙarar har hawa na sama aka ji ta. Ba wanda ya ji ciwo, amma Evaristo ya durƙusa yana shafa ƙasa da hannu yana neman tirensa, tiren kuwa na jingine da gwiwarsa.

Miss Icilda, 'yar Jamaica da ke shugabantar masu hidima, tana tsaye tana kallo. Mace ce da ba a taɓa ganin haƙoranta ba. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ɗago shi ta nuna alamar da ke kan ƙofa.

"Malam Evaristo, wace kala ce wannan?"

"Kore," ya ce. Ja ce.

"Wuce wurin likita. Kai kuma Lisandro, munafuki, raka shi, tunda da kai aka ƙulla."

Da muka kai ƙofar likita sai ya tsaya. "Shi ke nan, Yadira ta dawo gida," ya ce. Na ƙwanƙwasa ƙofar.

Likitar ta haska idonsa da 'yar fitila, wannan ido da wancan, ta ajiye ta ce, "Baba, tun yaushe kake yawo da wannan?"

"Gado ne, likita."

"Gadon me? Yanar ido ce. Minti ashirin kowane ido, a cire a sa maka sabon gilashi a ciki. Sati shida kana bakin aikinka."

"Mahaifina fa?"

"Mai yiwuwa shi ma ita ce, bai samu mai dubawa ba ne."

Evaristo ya fashe da kuka, ƙato da shi, miyar kaguwa na bushewa a rigarsa. Ni kuwa dariya ta kama ni har da riƙe ciki, ban san ina ɗauke da nauyi haka ba sai da ya sauka. Miss Icilda da kanta ta rubuta wa ofis cewa a ajiye masa gurbinsa.

Aka sauke shi a Roatán, aka yi aikin a birnin San Pedro Sula. Matarsa Teodora ta kira ni tana masifa: wai da aka cire masa bandeji ya ƙura mata ido ya ce, "Ke, yaushe kika yi furfura haka?" Ta ce da ba don likita na wurin ba da ta mayar masa da yanarsa.

Sati bakwai ya dawo Ocaso. Yanzu matakalar nan mai taku goma sha bakwai hawanta yake yana waƙa, in ya samu sarari kuma ya tsaya gaban gilashin yana kallon teku kamar fasinja. Da Alba ta fito daga gyara aka tambaye shi ko zai koma. Ya leƙa tsohon ɗakinsa na cin abinci, ya dawo yana yamutsa fuska. "A kogon nan na shekara goma sha tara?" Ya zaɓi Ocaso, nan Yadira ta gama karatunta yana aiki.

Ran nan jiragen biyu suka haɗu a Roatán. Muna zaune can nesa a bakin hanya muna cin burodin kwakwa, sai ya taɓo ni da gwiwar hannu.

"Lisandro, duba. Ashe shuɗin ma ba iri ɗaya ba ne. Na Alba ya fi duhu."

Na duba da kyau. Gaskiyarsa ne, kuma ni da idanuna biyu lafiyayyu ban taɓa lura ba.