Furen da Aka Ɓamɓare Daga Bangon Arewa

Haƙƙi ne a kan mai kula da gida ya sanar da mazauna kafin ya taɓa abin da suka shuka da izini. Wannan haƙƙin ba a sauke mini shi ba a shekarar wasannin Olamfik, lokacin da nake aikin tura kaya a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou, a ƙasar Sin.

Tsohuwar da ta ba ni hayar ɗakin ƙasa ta kawo wata shuka daga ƙauyensu na kan duwatsu, haidiranjiya mai hawa bango. Zafin Guangzhou bai karɓe ta ba, don haka aka dasa ta a bangon arewa, inda rana ba ta duka. Ba ta da igiya irin ta kabewa. Ƙananan saiwoyi take fitarwa a jikin reshe, su kama bulo. Da tsohuwar za ta tafi jinya wajen ɗanta, ta riƙe hannuna ta nuna mini shukar. Na karɓi amana. Shekaru na yi ina ba ta ruwa bayan sallar asuba, ba ta nuna alamar fure ba sai a bazarar shekarar wasannin, da na ga tohon furenta na farko.

A makon ne aka yanke shawarar yi wa gidan fenti saboda baƙin wasannin. Na dawo daga filin jirgi na tarar an ɓamɓare shukar, an shafe bangon da fenti mai sheƙi, an mayar da rassan an ɗaure da waya.

Mai kula da gidan ya tare ni da fara'a. "Ranka ya daɗe, dubi, ko ganye ɗaya bai faɗi ba!"

Na ce masa reshen da aka raba da bango ba ya sake kamawa, sabon toho kuma ba ya riƙe santsi.

"To, mu ƙara waya," in ji shi.

Tohon furen ya bushe. Gindin dai yana da rai har yau, yana fitar da rassa suna zamewa ƙasa. Tsohuwar kuma takan aiko a tambaye ni ko ta yi fure, ni kuwa ba na ƙarya.

Saboda haka ina roƙon kwamitin masu ɗakunan gidan, cikin girmamawa, ya bincika wanda ya ba da umarnin ba tare da sanarwa ba, ya kuma sa a kankare fentin bangon arewa har bulo ya bayyana, kafin mai shukar ta dawo.