Hancin Uba da Tokar Zubaida

Duk wanda ya taɓa ajiye babur a Burumburum ya san Uba Mai Hanci. Ba don tsawon hancin aka laƙaba masa sunan ba, ko da yake nan ma Allah bai rage shi da komai ba. Aikin da hancin ke yi ne ya jawo. Tun yana saurayi, yana koyon kanikanci a Kwanar Dangora wurin maigidansa Ɗanasabe, aka gane yana jin abin da sauran mutane ba sa ji. Babur zai shigo gareji, kafin mai shi ya gama sallama Uba ya ce, "Maigida, wannan mai yake zubarwa, kuma daga ƙasan kafireto ne." A kwance, a tarar haka ɗin ne. Yana bambanta ɗanyen fetur da wanda ya daɗe a jarka, yana gane wanda 'yan bumburutu suka surka da kananzir.

A can Kwanar ne kuma ya ga abin da ya tsaya masa a rai har tsufa. Wata rana da azahar wani bawan Allah ya taho a kan babur, wuta ta tashi a ƙarƙashinsa yana cikin tafiya, ta kama masa babbar riga. Masu rake da masu tsire suka yi ta watsa masa ƙasa. Mutumin ya rayu, amma Uba bai taɓa manta ihunsa ba. Da aka duba abin da ya rage na babur ɗin, sai aka ga tiyon mai ne ya ɗan tsage.

Shi ya sa da ya dawo gida ya kafa rumfarsa a gindin tsamiya, ya ɗora wa kansa doka. Ba ya sallamar babur sai ya zagaya shi yana shinshina, sannan ya bugi sirdin da tafin hannu ya ce, "Hau ka tafi, na tsaya maka." Ana yi masa dariyar zagayen nan, har abokan wasa su ce ko dusa yake nema. Amma duk dariyarsu ba wanda ke tayar da babur ɗinsa kafin ya ji maganar. Malamai masu tsofaffin Besfa, da manoma masu jibga wa babur buhuna kamar jaki, da Fulanin rugagen Falgore, duk wurinsa suke zuwa.

Sai ga shekarar da aka rufe makarantu da kasuwanni saboda annoba. Mura mai zafi ta kwantar da Uba. Ya warke sarai, ya koma rumfa, ya buɗe murfin wani tanki ya kai hanci, sai ya ji kamar randar ruwa ya leƙa. Hancin ya tafi. Bai gaya wa kowa ba, don namiji gara ya mutu a tsaye da ya ce ga inda ke masa ciwo. Ya ci gaba da gyaran birki da faci, in aka kawo mai yoyo ya ce bayansa na ciwo, a gwada gaba. Maganar nan tasa ta "na tsaya maka" kuwa ya daina faɗa ɗungurungum, don shi ba mutumin da zai tsaya wa abin da bai tabbatar ba ne. Mutane suka ce tsufa ne ya sa shi rowar baki.

Matarsa Zubaida ta gane tun da wuri. Wata rana miyar kuka ta kama mata a tukunya har maƙwabta suka jiyo ƙauri, shi kuwa mutumin da a da tun daga zaure zai fara tsiya, ya shigo ya zauna bai ce uffan ba. Ta dube shi, ta ci gaba da aikinta.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata Asabar da hantsi sai ga 'yarsu Khairiyya, ma'aikaciyar lafiya da ke bin rugage tana yi wa yara allurar rigakafi. Ta zo a kan ɗan babur ɗinta irin na mata da ake kira roba-roba, tana goye da jaririnta Mujitaba. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba, abokan aikina sun ishe ni, wai hijabina warin fetur yake. Ni ma ina ji. An duba mini a Tudun Wada an ce ba a ga komai ba. Na ce bari dai in kawo wa mai hancin da kansa." Ta yi dariya. "Jibi zan shiga can bayan Falgore, ka san hanyar."

Ya san hanyar kuwa, gargada ce da ramuka, ba gida gaba ba gida baya. Ya ɗaga babur ɗin a kan tsayuwarsa ta tsakiya, ya cire robobin da suka rufe inji, ya bi tiyon mai da yatsa tun daga tanki har kafireto. A bushe yake ƙarau, ƙasa ma ba ɗigo ko ɗaya. Ya zagaya yana shinshina don sabo kawai. Khairiyya tana tsaye tana jiran maganar, shi kuwa idonsa na kan 'yar ƙafar Mujitaba da ke reto daga cikin goyo. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba tun ranar Kwanar Dangora. Ya ce ta jira shi, ya shiga gida.

Ya tarar da Zubaida tana shara a gindin rumbu. Ya tsaya a kanta ya ce, "Zubaida, hancin nan fa ya tafi."

Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Na sani, Malam. Tun ranar miyar kuka."

Ya sunkuyar da kai. A nan idonsa ya sauka kan tokar da ta barbaɗa ta kewaye rumbun da ita, don ta ga ta inda ɓera ke shiga. Ga sawun ɓeran nan ƙanana a jere. Can gefe kuma ga inda ruwan buta ya ɗiga, ɗigo ɗaya tal, ya yi baƙi ƙirin a tsakiyar farar toka. Uba ya daɗe yana kallon ɗigon. Can ya ce, "Akwai tokar jiya? Wadda ba ko ɗigon wuta a ciki."

Zubaida ta ɗebo a ƙwarya, ta cusa hannunta har wuyan hannu ta jujjuya don ta tabbatar ta huce, ta tankaɗe ta a rariya har ta koma kamar garin tuwo. Ta yafa mayafi ta biyo shi rumfa.

Ya goge injin da tiyon tsaf da tsumma. Ya tayar da babur ɗin kaɗan don mai ya cika tiyo, ya kashe, sannan ya barbaɗe ko'ina da toka. Suka zuba ido, tokar nan ta yi zamanta fari fat. Sai Uba ya juya ga 'yarsa ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaushe kike jin warin?"

Ta ce, "In yana ajiye ba na ji, Baba. Sai na hau, musamman in na shiga gargada."

Nan ya gane. Injin roba-roba a haɗe yake da tayar baya, tare suke hawa suna sauka, tanki kuwa yana nan inda yake. In babur na ɗage a kan tsayuwarsa, tiyon a sake yake. Ya sauke babur ɗin ƙasa, ya sa Zubaida ta karɓi jaririn ta koma nesa, ya ce wa Khairiyya ta hau ta yi ta dannawa kamar tana kan hanyar Falgore. Shi kuma ya kwanta a ƙasa, kuncinsa a kan turɓaya.

A dannawa ta farko ba komai. Tana ci gaba, sai ga wani baƙin ɗigo kamar ƙwayar gero ya fito a lanƙwasar tiyon. Ya faɗaɗa a hankali, ya taru, ya ɗiga. Inda ya sauka shi ne wuyan salansa, wato bututun hayaƙi, wurin da ke yin zafi har ya ƙona hannu, ɗan taƙi kaɗan da wayar fulogi.

"Subhanallahi," in ji Uba.

Khairiyya ta sauko ta leƙa, Zubaida ma ta matso. Makonni ke nan yarinyar nan tana yawo da ɗanta a baya, fetur na ɗiga a kan ƙarfe mai zafi yana bushewa nan take, wuta ba ta tashi ba. Wannan ba ƙwarewar kowa ba ce, tsarewar Ubangiji ce kawai. Hawaye suka zo wa Uba, bai ɓoye ba.

Ya zare tiyon ya lanƙwasa a hannu, tsagar ta buɗe baki, ya sake shi ta rufe kamar ba ita. Ya yanko sabo ya ƙara masa ɗan tsawo don ya samu sararin motsi, ya matse bakinsa biyu da kilif, ya ɗaure shi nesa da ƙarfen da ke gogar sa. Ya sake tayarwa, ya kashe, ya sake barbaɗa toka. Khairiyya ta hau ta danna har ta gaji. Tokar ba ta canja ba.

Tana gyara goyo ta ce, "Baba, hancin nan naka dai ikon Allah."

Ya ce, "Hanci ya tafi tuntuni, 'yar nan. Tokar Innarki ce."

Ta tsaya tana kallonsa baki buɗe. Shi kuwa ya mayar da robobin, ya ɗaure su, ya karkaɗe hannu. Ya dubi 'yar ƙafar Mujitaba, ya bugi sirdin da tafinsa, ya ce, "Hau ki tafi, na tsaya miki."

Ya tsaya a bakin hanya har suka sha kwana. Da ya dawo rumfa Zubaida ta ɗauki ƙwaryarta za ta shiga gida. Ya ce, "Gobe ma ki ajiye mini tokar."